Darussan shekaru biyun farko a karatun harhaɗa magunguna, da inda suke aiki a asibitin ƙauye

Da zarar labari ya bazu a gari cewa ɗan gidan wane ya samu gurbin karanta famasi a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, kafin ya ɗaure jakarsa maƙwabta sun fara kawo masa ledar magani ya duba musu. Ba su san zai cinye shekara guda cur bai taɓa ƙwaya ko ɗaya a aji ba. Wannan rubutu na ƙannenmu ne da ke shirin shiga, musamman waɗanda suka fito daga makarantun da ɗakin gwaje-gwajensu sai dai suna.

Sharaɗin shiga sananne ne: kiredit biyar a Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, a JAMB kuma Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks. Digirin B.Pharm shekara 5 ne, Pharm.D shekara 6. Bayan nan akwai shekara guda ta horon aiki a ƙarƙashin kulawar PCN, hukumar da ke kula da sana'ar harhaɗa magunguna a Najeriya, sannan bautar ƙasa. Jerin darussa yakan ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma ƙashin bayan ɗaya ne. Aji ɗaya kimiyya ce zalla, tare da ɗaliban likitanci da na sauran fannoni a babban ɗakin lacca. A aji biyu ne ake shiga tsangaya sosai, a fara ilimin sassan jiki, aikin gaɓoɓi, sinadaran da ke cikin jiki, haɗa magani, tsirran magani da ƙwayoyin cuta.

A ganina, wanda ya fi kowanne cancantar a ba shi dare da rana shi ne lissafin magani, kuma shi ɗalibai suka fi rainawa don babu abin da ya wuce ninkawa da rabawa a cikinsa. Ɗauki farasitamol na yara. Ana ba da miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo na nauyin yaro. Yaro mai kilo 12, a kan 15, zai sha miligiram 180. Ruwan maganin da aka fi samu yana da miligiram 120 a cikin mililita 5, wato 24 a kowace mililita. Raba 180 da 24, ka samu mililita 7.5. To, akwai kuma na ɗigawa jarirai, mai miligiram 100 a mililita ɗaya tak. Wanda ya haddace "bakwai da rabi" bai duba kwalba ba, ya zuba daga wannan, ya ɗura wa yaron miligiram 750, fiye da ninki huɗu. Don haka ake hana ɗalibi rubuta lamba tsirara a takardar jarrabawa. Kowace lamba sai da ma'auninta a gefe, kuma a bi layi-layi a ga miligiram ya soke miligiram, mililita ta rage.

Allurar atesunet, wadda ake yi wa mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ta fi nuna yadda abin yake a aikace, ga shi kuwa daga Agusta zuwa Oktoba ba ta hutawa a asibitocin Kano da Jigawa. Wanda ya kai kilo 20 ana ba shi miligiram 2.4 a kowane kilo, wanda bai kai ba miligiram 3. Ana yi a karon farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24. Kwalbar garin tana da miligiram 60. Da farko za a zuba mata mililita 1 na ruwan bayikabonet da ke zuwa tare da ita, a girgiza har garin ya narke ruwan ya washe. Idan ta jijiya za a yi, a ƙara mililita 5 na ruwan gishirin asibiti, jimla 6, kowace mililita tana ɗauke da miligiram 10. Idan ta tsoka ce, mililita 2 za a ƙara, jimla 3, kowace mililita miligiram 20. Yaro mai kilo 10 yana buƙatar miligiram 30: mililita 3 a haɗin jijiya, ɗaya da rabi a haɗin tsoka. Wanda ya yi haɗin tsoka ya zuƙi mililita 3 ya ninka maganin. Kuma wannan haɗi ba ya kwana, abin da ba a yi amfani da shi cikin awa guda ba zubar da shi ake yi.

Sai alamar kashi cikin ɗari da ke jikin leda da kwalba. Ledar ƙarin ruwa mai rubutun 0.9% tana nufin giram 0.9 na gishiri a mililita 100, wato giram 9 a lita. Nauyin mol ɗaya na gishiri (mol shi ne ma'aunin yawan sinadari a kemistiri) giram 58.5 ne, saboda haka lita guda tana da milimol 154 na sodiyom da 154 na kulorayid. Wannan kaurin ya yi kusa da na ruwan jini, shi ya sa jajayen ƙwayoyin jini ke zama lafiya a cikinsa. Da za a ɗura tsurar ruwa a jijiya, ruwan zai kutsa cikinsu su kumbura su fashe. Ga mol ɗin nan da ake ta ƙorafi a kansa a aji ɗaya, ga inda ya ɓullo.

Ƙa'idar tsarma abu ita ma ɗaya ce: ƙarfin farko sau yawansa daidai yake da ƙarfin ƙarshe sau yawansa. Kana da sifirit mai ƙarfin kashi 95, kana son lita guda mai kashi 70. Ninka 70 da 1000, raba da 95, ka samu mililita 737. Amma ba a cewa a ƙara ruwa mililita 263. Sai dai a zuba sifirit ɗin a ma'auni, a yi ta ƙara ruwa har ya kai layin lita, domin idan sifirit da ruwa suka gauraya jimlarsu takan ɗan tsuke. Ruwan bilic mai kashi 3.5 kuwa, idan ana son kashi 0.5 na goge jini a ɗakin haihuwa, awo ɗaya ne a kan awo shida na ruwa, kuma kullum sabo ake haɗawa.

Ɗabi'u biyu na rubutu da ya kamata su zauna tun yanzu. Rabin miligiram 0.5 ake rubutawa, ba a barin ɗigo shi kaɗai a gaban 5, kar ɗigon ya ɓace a karanta biyar. Biyar kuma 5 ake rubutawa, ba 5.0 ba, kar a karanta hamsin.

Kemistiri kashi-kashi ne, kuma duka ana buƙatarsu, amma gwajin da zai fara gwada haƙurin ɗalibi shi ne na ɗiga ruwa daga bututu mai awo har launi ya juya. Misali, ruwan soda mai ƙarfin 0.1 mola giram 4 ne na sodiyom haidiroksayid a lita. Sai dai ƙwayoyinta suna tsotsar laima da iskar kabon tun suna kan sikeli, don haka abin da ka auna bai cika giram 4 na gaskiya ba. Dole a fara tantance ƙarfinta da wani tsayayyen sinadari kafin a auna wani abu da ita. Kurakuran da ke ɓata sakamako sanannu ne: kumfar iska da ta maƙale a bakin bututu, ɗauraye bututu da ruwa kawai ba a bi da ruwan da za a zuba ba, karanta awo daga sama maimakon a sa ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan, da gaggawa a kusa da ƙarshe. Da fenoftalin, sinadarin da ake ɗigawa don ya nuna juyin launi, ruwan hoda mai haske wanda ya tsaya kamar daƙiƙa 30 ake nema. In ya yi jawur ka wuce wurin, sai a sake. Da irin wannan gwaji ake gane ko ƙwayar da aka rubuta wa miligiram 300 ta cika.

Kemistirin mahaɗan kabon shi ne mai kayar da mutane, galibi don sun ɗauke shi hadda. Abin lura shi ne gungun da ke maƙale a jikin kowane sinadari, domin shi ke faɗa maka halinsa. Asfirin yana da mahaɗin esta, wanda laima ke tsinkawa, shi ya sa tsohuwar kwalbarsa ke tashin tsami mai hawa hanci idan aka buɗe. Dangin fenisilin suna da zobe mai kusurwa huɗu wanda ruwa ke ɓallewa, shi ya sa amoksisilin na yara yake zuwa a gari, sai za a fara sha ake zuba ruwa, kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne bayan haka. Bambanci kaɗan a ginin sinadari kan raba magani da guba. Furofilin gilaikol ana narkar da magungunan yara a cikinsa lafiya lau. Dayetilin gilaikol, mai kama da shi a ido da ɗanɗano, ƙoda yake kashewa. Shi ne ya shiga wani maganin fitar haƙori a Najeriya a 2008, yara aƙalla 84 suka rasu.

Batun saurin lalacewar sinadari ya shafe mu fiye da mutanen wurare masu sanyi. Ranar ƙarewar aiki da ke jikin kwali an lissafa ta ne a kan cewa an ajiye maganin yadda aka rubuta, yawanci ƙasa da digiri 30. A ƙiyasi, ƙarin digiri 10 yakan ninka saurin lalacewa sau biyu ko fiye. A watan Afrilu zafin Haɗeja ko Gumel yakan haura 40 a inuwa, balle cikin shagon kwano marar silin, balle kuma faifan mai talla da ke yini a rana ranar kasuwa. Allurar oksitosin ta tsayar da jini bayan haihuwa da insulin suna son digiri 2 zuwa 8. Wasu alluran rigakafi kuma, irin su ta tetanus da ta ciwon hanta, daskarewa ce ke kashe su, don haka ba a manna su da ƙanƙara a cikin kula.

Fiziks ba sai an daɗe a kansa ba. A riƙe kauri da gudun ruwa, matsi, zafi da haske da kyau, za su dawo a darasin haɗa magani. Darussan gama-gari na Turanci da makamantansu kuma kada a yi musu sakaci, kariyoba a cikinsu tana jan maki ƙasa kamar kowace.

Ɗakin haɗa magani na aji biyu shi ne inda ɗalibi ke fara jin ya shigo sana'ar, kuma ɗan Jigawa zai tarar da abin da ya sani a kan shiryayye. Farin garin da ake kira akeshiya ƙaro ne, na bishiyar ɗakwara, irin wanda ake tsinta a dazukan arewacin jihar, an dai tace shi an niƙa. Da shi ake koyon haɗa mai da ruwa su zauna tare. Ga mai irin na tsirrai, awon shi ne 4, 2, 1: mai huɗu, ruwa biyu, ƙaro ɗaya. Idan maganin mililita 100 ne mai ɗauke da mai mililita 40, za a tanadi ruwa mililita 20 da ƙaro giram 10. Turmin tangaram da taɓaryarsa su kasance a bushe ƙayau, ma'aunin man ma haka. A zuba man, a barbaɗa ƙaron, a juya kaɗan don ya watsu kawai. Sannan a juye ruwan nan mililita 20 gaba ɗaya a lokaci guda, a shiga murzawa da sauri ta fuska ɗaya ba tsayawa. Cikin 'yan mintuna haɗin zai yi fari ya yi kauri kamar kindirmo, ya fara wata ƙara ƙyas-ƙyas a ƙarƙashin taɓarya. Wannan ƙarar ita ce shaidar ya kama. Daga nan ne ake ƙara sauran ruwa kaɗan-kaɗan, a juye a ma'auni, a cika zuwa 100.

Inda yake ɓaci: turmi mai laima yana sa ƙaron ya dunƙule tun kafin lokaci. Ɗiga ruwan farko a hankali, ko barin ƙaro ya daɗe cikin mai, yana hana shi kamawa. Idan an gama sai wani kauri ya taso sama amma girgizawa ta mayar da shi, wannan ba komai, shi ya sa ake rubuta "a girgiza kafin a sha". Idan kuwa man ya ware ya kwanta a sama fal, girgiza ba ta mayar da shi, aikin ya mutu, sai sabo. Ƙaro kuma abinci ne ga ƙwayoyin cuta, don haka irin wannan haɗi yana buƙatar sinadarin kariya kuma ba ya daɗewa.

A nan ne kuma ake koyon auna abin da ya yi wa sikeli ƙanƙanta. A sikelin ɗakin koyo ba a auna magani mai ƙarfi ƙasa da miligiram 100. Idan 10 ake so, sai a auna 100, a gauraya da miligiram 900 na garin laktos, a ɗebi 100 daga haɗin. Gaurayawar ma da tsarinta: a haɗa maganin da laktos daidai yawansa, a murza, a ƙara daidai yawan abin da ke turmin, a murza, haka har ya ƙare. Wanda ya juye duka a lokaci guda zai samu wani ƙulli da magani ya yi yawa, wani kuma kusan babu.

Darasin tsirran magani ɗan ƙauye yana da fifiko a cikinsa, tunda ya san itatuwan a tsaye, ba a hoto ba. Abin da zai ƙara shi ne sunan kimiyya, ɓangaren da ake amfani da shi, da sinadarin da ke aiki. Bagaruwa cike take da tanin, wanda majema ke jima da shi, kuma ɗigon ferik kulorayid yana mayar da ruwanta baƙi-baƙi mai shuɗi. Aduwa tana da safonin, in aka girgiza ruwanta a kwalbar gwaji kumfar ba ta saurin kwanciya. Filasko yana da sinadaran da ke motsa babban hanji, dalilin da yake sa gudawa ke nan. Zaƙami yana da dangin atirofin, masu busar da baki, su buɗe ƙwayar ido, su sa bugun zuciya da gushewar hankali. Tumfafiya tana da sinadaran da ke taɓa zuciya kai tsaye. Manyan magungunan zazzaɓin cizon sauro biyu daga tsirrai suka fito: kwinin daga ɓawon sinkona a 1820, atimisinin kuma daga wani tsiro na ƙasar Sin, aikin da ya kai Tu Youyou ga kyautar Nobel a 2015. Abin da ya raba su da jiƙo shi ne awo. Yawan sinadari a ganye yana canzawa da ƙasa, da lokacin tsinka, da yadda aka shanya, don haka kofi ɗaya na jiƙon yau ba lallai ya yi daidai da na gobe ba.

A darasin ƙwayoyin cuta, lambobi biyu ba sa barin jarrabawa: tururi mai matsi a digiri 121 na minti 15, busasshen zafi a digiri 160 na awa 2. Tafasa a digiri 100 ba ta kashe ƙwayoyin da ke shiga ƙoƙon kariya, irin na tetanus, don haka almakashin yanke cibiya da aka tafasa bai kai wanda ya shiga tukunyar matsi ba. Ita ma tukunyar, in ba a bari iskar ciki ta fita kafin a rufe mafitar ba, agogon zai nuna matsi ya kai alhali zafin bai kai ba. Sifirit mai kashi 70 ya fi mai 95 kisa, domin ruwan da ke cikinsa yana taimaka masa ratsa ƙwayar cutar kuma ba ya saurin bushewa. Rinin Gram, na rarrabe ƙwayoyin cuta ta launin da suke riƙewa, wanda ake yi tun 1884, matakai huɗu ne: shuɗin rini, aidin, wankin sifirit, jan rini. A mataki na uku ake faɗuwa. Daƙiƙu kaɗan ne, in aka zarce sai masu riƙe shuɗi su koma ja, a ba da amsar da ba ita ba.

Ilimin sassan jiki hadda ce mai yawa, babu wata dabara sai maimaici da zane. Aikin gaɓoɓi da sinadaran jiki kuwa fahimta suke so, kuma su ne ke bayyana abubuwan da ake gani kullum. A bangon ƙaramin hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da sodiyom sai tare da gulukos, ruwa kuma yana bin su. A kan wannan aka gina ruwan gishiri da sukari na mai gudawa. Ƙullin ORS na lita guda yana da giram 2.6 na gishiri, 13.5 na gulukos, 1.5 na fotasiyom kulorayid da 2.9 na sitiret. Lita guda ita ce ledar fiya-wata biyu masu rubutun 50cl. In aka rage ruwa, ko aka ƙara sukari don yaro ya yarda ya sha, haɗin zai yi kauri ya jawo ruwa daga jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. Abin da ya kai awa 24 a zubar. Ana haɗawa da zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba.

Hanta tana sarrafa farasitamol, a hanya kuma wani ɗan kaso yana zama guba wadda wani sinadari da ke cikin hantar, gulutatayon, ke kamewa. In aka wuce giram 4 a yini ga babba, gulutatayon na iya ƙarewa, gubar ta ci hanta. Mutum zai iya wuce wannan iyaka bai sani ba, idan ya sha farasitamol, ya sha maganin mura mai ɗauke da shi, ya ƙara da haɗin da aka ƙulla masa a leda ba suna. Tetirasaikilin da sifurofulokzasin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, suna kama kalsiyom su ƙi shiga jini, don haka ba a kora su da fura da nono, a bar tazarar aƙalla awa biyu. Maganin zazzaɓi na atimita da lumefantirin akasin haka ne, yana son madara ko abinci mai maiƙo kafin ya shiga jiki sosai. Ƙoda tana tace kusan lita 180 a yini ta mayar da kusan duka, kuma ta nan jentamaisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta, ke fita, shi ya sa yi wa tsoho ko wanda ruwan jikinsa ya ƙare wannan allura ba tare da lissafi ba yake da haɗari.

Takardar da ake mannawa a kwalba tana da maki nata a jarrabawar haɗa magani: sunan magani da ƙarfinsa, yawansa, sunan mai shi, yadda za a sha, ranar haɗawa, ranar zubarwa, da inda za a ajiye. A ƙauye rubutun kaɗai ba ya isa, sai an faɗa da baki, an kuma sa mai karɓa ya maimaita. Cokalin gida ba ma'auni ba ne, wani ya fi mililita 5 wani bai kai ba, gara a ba uwa sirinji marar allura a ja mata layi a inda za ta tsaya. "Sau uku a rana" ga maganin kashe ƙwayoyin cuta yana nufin duk awa 8, domin yawansa a jini kada ya faɗi ƙasa da inda yake aiki. In aka ɗaura shi a kan karin kumallo, abincin rana da tuwon dare, tazarar dare za ta kai awa 12 ko fiye. Ya fi a ce mata: bayan sallar asuba wajen ƙarfe 6, bayan azahar wajen ƙarfe 2, sai ƙarfe 10 na dare kafin a kwanta.